Marubucin Komik da Masoyansa: Yadda Sabon Labari Ke Samun Kasuwa

Komik littafi ne da ake ba da labari a cikinsa da zanen hannu. Ana raba kowane shafi gida-gida, kowane gida da hotonsa, maganar mutanen cikin labarin kuma a rubuta ta cikin 'yar da'ira kusa da bakin mai magana. Daga irin waɗannan littattafai Superman da Batman da Spider-Man da Black Panther suka fito, tun kafin a san su a fim. A Amurka, inda wannan sana'a ta kafu da kasuwarta da dillalanta, aikin marubucin komik ba ya ƙarewa ranar da ya miƙa wa edita rubutunsa. Sai ya tashi tsaye ya tallata labarin: ya yi hira da 'yan jarida, ya zaga shaguna, ya zauna a teburi a wuraren baje koli yana gaisawa da masu karatu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ɗora masa wannan nauyi shi ne yadda ake sayar da littafin, domin sau da yawa makomar labari takan tabbata tun kafin a buga shi.

Aikin hannu da yawa

Komik guda yakan bi ta hannun mutum biyar ko shida. Marubuci ne ke tsara labarin, ya fayyace abin da za a gani a kowane gida da abin da kowa zai faɗa. Mai zane ya fitar da hotunan da fensir, wani ya bi su da tawada, wani ya sa launi, wani kuma ya zuba kalmomin a gurabensu. Edita yana kansu yana lura da lokaci. Shafi ɗaya kan ci wa mai zane yini guda, don haka fitowa ɗaya mai shafi 20 zuwa 22 takan cinye masa kusan wata. Marubuci kuwa yana iya riƙe labari uku ko huɗu a lokaci guda. Saboda mai zane yana ɗaure a teburinsa, yawancin hirarraki da tafiye-tafiyen talla kan faɗa wuyan marubuci.

Mallakar labarin ma tana da tasiri a kan irin ƙwazon da zai sa. Idan yana rubuta wa kamfanin Marvel ko na DC, jaruman na kamfani ne, shi ana biyansa ne bisa yawan shafi, wani lokaci da ɗan ƙari idan ciniki ya yi kyau. Idan kuwa labarin nasa ne na kansa, kamar yadda ake yi a kamfanin Image da wasu fitattun masu zane bakwai suka kafa a 1992, haƙƙin mallaka yana hannunsa da na mai zanensa, amma riba sai bayan an cire kuɗin bugu da na kamfani. Littafin da bai karɓu ba, aljihunsu zai taɓa kai tsaye.

Dalilin da talla ke riga littafi fita

Labarin komik na Amurka yana fita kashi-kashi, galibi wata-wata, kamar yadda littattafan Hausa na kasuwar Kano suka saba fitowa na ɗaya, na biyu, na uku. Kowace fitowa a yanzu tana kai dala 4 zuwa 5. Idan an tara fitowa biyar ko shida sai a haɗa su a littafi ɗaya mai kauri, wanda shi ne ke shiga manyan kantunan littattafai da ɗakunan karatu.

A da, wajen masu sayar da jarida ake samun komik, abin da bai sayu ba kuma a mayar wa kamfani. A farkon shekarun 1970 wani malamin makaranta a New York mai suna Phil Seuling ya kawo sabon tsari: kamfani zai ba shagunan komik ragi mai tsoka, amma abin da suka sara ya zama nasu, babu mayarwa. Wannan tsari ne ya raya shagunan da ba sa sayar da komai sai komik, shi ne kuma ya sa mai shago ya zama mai taka-tsantsan, tunda duk kwafin da ya yi kwantai asararsa ce shi kaɗai.

Kusan wata biyu kafin littafi ya fita, dillali kan aika wa shaguna kundin abubuwan da ke tafe, kowanne da hoton bangonsa da 'yan layuka na bayani. Mai shago ya duba ya sa oda. Kimanin mako uku kafin ranar fita ake rufe ƙofar gyara oda, kuma da wannan adadi kamfani ke yanke yawan kwafin da zai buga. Abin da mai shago ya fi dogara da shi wajen ƙiyasi shi ne jerin abokan cinikinsa na kullum, waɗanda suka riga suka ce a riƙa ware musu labari kaza duk lokacin da ya iso. Shi ya sa marubuta ke roƙon masoyansu su je shago su sa suna tun littafin bai fito ba. Wanda ya jira sai ya gani a kanta, ƙila ya tarar mai shago kwafi biyu kacal ya ɗauko. Bugu da ƙari, odar fitowa ta biyu kusan kullum takan gaza ta farko, kuma idan adadin ya ci gaba da zamewa kamfani na iya tsayar da labarin a tsakiya.

Daga 1997 zuwa 2020 kusan dukkan wannan ciniki ta hannun dillali ɗaya yake bi, wato Diamond. DC ta rabu da shi a 2020, Marvel ta bi sahu a 2021, Diamond kuma ya shigar da takardar karyewa a kotu a Janairun 2025. Dillalai sun sauya, amma tsarin oda kafin bugu yana nan.

Stan Lee da asalin salon

Mutumin da ya fi kowa mayar da marubucin komik mai tallar kansa shi ne Stan Lee, wanda aka haifa a New York a 1922 ya rasu a 2018. Shi ne edita kuma babban marubucin Marvel lokacin da Fantastic Four ya fito a 1961, aikinsa da mai zane Jack Kirby, da kuma Spider-Man a 1962, aikinsa da Steve Ditko. Kafin zamaninsa, yawancin komik ba a ma rubuta sunan waɗanda suka yi su. Lee ya riƙa jera sunan marubuci da mai zane da mai tawada da mai zuba kalmomi a shafin farko, kowa da laƙabinsa na raha, har yara suka san ma'aikatan kamfanin kamar 'yan unguwarsu.

Ya kuma mayar da shafin wasiƙu wurin hira. Yana amsa masu karatu da zolaya, yana da filinsa na musamman a kowace fitowa inda yake magana da su kai tsaye. Wanda ya gano kuskure a labari ya kuma kawo dabarar da za ta nuna ba kuskure ba ne, sai a aika masa ambulan da aka buga wa sanarwar cewa ya ci kyauta, ya buɗe ya tarar babu komai a ciki. Yara kuwa suka riƙa rububin samun wannan ambulan. A 1964 kamfanin ya buɗe ƙungiyar masoya, inda dala ɗaya ke sama wa yaro katin zama ɗan ƙungiya da bajo da faifan garmaho mai ɗauke da muryoyin ma'aikatan. Daga baya Lee ya shiga zaga jami'o'i yana lacca, ya zama fuskar Marvel a rediyo da talabijin, a ƙarshe kuma a finafinan kamfanin, inda yakan ɗan bayyana na 'yan daƙiƙoƙi.

Wannan suna da ya yi ya zo da tsaminsa. Ditko ya bar Marvel a 1966, Kirby ya bar ta a 1970, kuma dukansu sun nuna rashin jin daɗin yadda jama'a suka ɗauka Lee ne kaɗai ya ƙirƙiri jaruman, alhali masu zanen ne ke tsara yawancin abin da ke faruwa a shafi. Har yau ana wannan muhawara, ita ce kuma ta sa marubutan yanzu ke kula da ambaton sunan mai zane a duk hirar da suka yi.

A ɓangaren DC, edita Julius Schwartz ya fara buga cikakken adireshin masu aiko da wasiƙa a farkon shekarun 1960. Da haka masoya suka san juna, suka fara musayar wasiƙu da buga 'yan mujallunsu, har aka kai ga taron masoya komik na farko a New York a 1964.

Ranar Laraba a shago

Laraba ce ranar da sababbin komik suka saba shiga shaguna a Amurka, ita ce kuma ranar da aka fi shirya zaman sa hannu. Mai shago kan sanar tun makonni kafin ranar, ya ƙara yawan odarsa, ya ajiye teburi a gefe da tarin kwafi da alƙaluma masu kaurin baki, baƙi da na ruwan azurfa saboda bango mai duhu. Masoya su yi layi, wasu da sabon littafin kaɗai, wasu da jaka cike da tsofaffi, kowane kwafi a cikin ledarsa da kwali a bayansa don kada ya lanƙwashe. Idan layi ya yi tsawo akan ƙayyade yawan abin da mutum ɗaya zai miƙa. Marubuci ya tambayi suna, ya tabbatar da yadda ake rubuta shi, ya sa hannu a inda ba zai rufe fuskar jarumi ba, su yi musabaha, a ɗauki hoto, na baya ya matso. Duka-duka minti ɗaya ne ko biyu, amma mai karatu kan riƙe shi shekaru, mai shago kuma ya riƙe sunan marubucin da ya cika masa shago, ya tuna da shi ranar sa oda ta gaba.

Ranar da ta fi kowace cika ita ce Asabar ta farko a watan Mayu, ranar raba komik kyauta. Wani mai shago a Kalifoniya, Joe Field, ya kawo shawarar, aka fara a 2002 daidai da fitowar fim ɗin Spider-Man na farko. Kamfanoni kan buga fitowa ta musamman su sayar wa shaguna da araha, shaguna su raba wa duk wanda ya shigo. Marubuta da yawa kan zaɓi wannan rana don gabatar da sabon labari ga waɗanda ba su taɓa taka shagon komik ba.

Sa hannu kansa ya zama haja. Kamfanin CGC, wanda aka kafa a 2000, yana duba lafiyar kwafi ya ba shi maki har zuwa 10, ya rufe shi a akwatin roba. Idan wakilinsa ya shaida sa hannun da idonsa, darajar kwafin takan ƙaru. Saboda haka marubuta da dama kan sa wa mai karatu hannu kyauta, amma su karɓi kuɗi daga wanda ya zo da shaida don ya sayar. Wasu kuma kan ajiye gwangwanin taimako na Hero Initiative, gidauniyar da ke tallafa wa tsofaffin marubuta da masu zane da suka shiga halin rashi ko jinya.

Manyan taruka

Taron da ya fi suna shi ne Comic-Con na San Diego. An fara shi a 1970 a wani ɗaki na ƙarƙashin otal ɗin U.S. Grant, da mutum kusan 300, Jack Kirby yana cikin manyan baƙi. Yanzu ana yin sa a watan Yuli na kwana huɗu, mahalarta sun haura 130,000, babban zaurensa kuma yana ɗaukar kimanin mutum 6,500, kodayake kamfanonin fim ne suka fi mamaye shi. A nan ake raba kyautar Eisner, wadda ita ce mafi daraja a sana'ar a Amurka. Na New York, wanda aka fara a 2006, ana yin sa a watan Oktoba.

Marubuci yana da wuri uku a irin wannan taro. Na farko shi ne dandalin tattaunawa, inda yake zama tare da edita da abokan aiki a sanar da sabon labari, a nuna shafuka a allo, sannan masoya su yi layi a gaban makirufo da tambayoyinsu. Na biyu rumfar kamfani, inda ake ba shi awa ɗaya ko biyu na sa hannu. Na uku shi ne sashen da aka jera ƙananan tebura na masu zane da marubuta, inda mai tasowa ke kama teburi, sau da yawa da kuɗinsa, ya biya otal da jirgi, ya yi dakon kwalayen littattafansa. Mai zane yana iya sayar da hoto ko ya zana wa mutum abin da yake so nan take. Marubuci ba shi da wannan, sai littafinsa da bakinsa, don haka dole ya iya taƙaita labarinsa a jimla ɗaya kafin mai wucewa ya kai teburi na gaba.

Wani abin da ya faru a San Diego a 2015 ya nuna inda tallar littafi ke iya kaiwa. John Lewis, ɗan majalisar Amurka a lokacin kuma jigo a gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, ya rubuta tarihin gwagwarmayarsa a komik mai suna March, tare da Andrew Aydin, Nate Powell kuma ya zana. Da ya zo tallata littafi na biyu na March, sai ya sa doguwar kwat ya goya jaka irin waɗanda ya sa a 1965 ranar da 'yan sanda suka fasa masa kai a tattakin Selma. Bayan jawabinsa ya kama hannun yara 'yan makaranta, ya ja su a jere ta tsakiyar zauren har zuwa teburin sa hannu. Littafi na uku ya ci babbar kyautar littattafai ta ƙasar a 2016.

Faransa da Japan

Kowace ƙasa da al'adarta. A Faransa da Beljiyam, komik yakan fito ne a littafi mai faɗi mai bangon kwali, sau ɗaya a shekara ko ƙasa da haka. Bikin da aka fi sani shi ne na garin Angoulême, wanda aka fara a 1974. Abin da mai karatu ke nema a can shi ne mai zane ya yi masa cikakken hoto a shafin farko na littafinsa, abin da kan ɗauki minti goma ko fiye ga mutum ɗaya, marubuci kuma ya ƙara 'yan kalmomi a gefe.

A Japan, mutum ɗaya ne galibi ke rubutawa da zanawa, da mataimaka. Muryar masu karatu takan iso ta katin ra'ayi da ake sakawa a mujalla. Mujallar mako-mako ta Shonen Jump, wadda aka kafa a 1968, ta shahara da dakatar da labarin da ya daɗe a ƙasan jerin zaɓin masu karatu. Manyan marubuta da yawa ba sa son nuna fuskarsu. Eiichiro Oda, mai One Piece da ke fita tun 1997, yana guje wa kyamara, amma yana amsa tambayoyin masoya a shafuka na musamman cikin littattafansa. Masu buga aikinsu da kansu kuwa suna da kasuwar Comiket a Tokyo, wadda aka fara a 1975, ake kuma yi sau biyu a shekara.

Intanet da kuɗin masoya

Intanet ta ba marubuci hanyar kai wa ga mai karatu ba tare da kamfani a tsakani ba. Yana sakin shafukan ɗanɗano a kafofin sada zumunta, yana aika wasiƙar imel ga masu binsa, yana shiga hirarrakin bidiyo. Dandalin Kickstarter, wanda aka buɗe a 2009, ya ƙara wani mataki: masoya su biya kuɗin littafi tun ba a buga ba, idan an kai adadin da aka nema a buga a aika musu, idan ba a kai ba kowa kuɗinsa na nan.

Roye Okupe, haifaffen Legas da ya yi karatun kwamfuta a Amurka, ya bi wannan hanya. Ya kafa YouNeek Studios, ya fitar da littafinsa na farko, E.X.O., a 2015 da taimakon Kickstarter, ya kuma riƙa bin taruka yana sayarwa da hannunsa. A 2017 ya fitar da Malika, labarin wata sarauniya mayaƙiya da ya samo tushenta daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Masoyan da ya tara sannu a hankali su suka ja hankalin kamfanin Dark Horse, wanda ya ƙulla yarjejeniyar buga littattafansa a 2021, sannan labarinsa Iyanu ya zama katun a tashar Cartoon Network a 2025. A gida Najeriya, taron Lagos Comic Con da Ayodele Elegba ya fara a 2012 shi ne babban wurin da masu wannan sana'a ke haɗuwa da masoyansu.

Iyakar kusanci

Kusanci da masoya yana da haɗarinsa. Wanda ya shekara ashirin yana bin jarumi ɗaya yakan ji kamar nasa ne. Kamfanoni ma sun taɓa miƙa wa masoya wuƙa da nama: a 1988 DC ta buɗe layin waya don a zaɓi ko Robin, yaron Batman, zai rayu ko zai mutu, masu son ya mutu suka yi rinjaye da ƙuri'a 72 kacal, aka kuma kashe shi a labarin. Amma idan marubuci ya yanke irin wannan hukunci da kansa, fushi kan koma kansa. Dan Slott ya sha barazanar kisa a intanet a 2012 saboda abin da ya yi wa Spider-Man a fitowa ta 700. Alan Moore, marubucin Watchmen, ya daina zuwa taruka tun a shekarun 1980 saboda yadda jama'a ke yi masa caa.

Saboda haka ƙwararru sun ɗauki wasu ƙa'idoji. Ba sa karanta labarin da masoyi ya miƙo musu wanda ba a buga ba, don gudun a zarge su da sata idan wani abu mai kama da shi ya bayyana a aikinsu. Ba sa fallasa abin da kamfani bai sanar ba, domin yarjejeniyarsu ta hana. Suna sauraron suka, amma ba sa barin ihun intanet ya juya musu labari, tunda masu surutu a kafofin sada zumunta kaso ne ƙarami na masu saye. Manyan taruka kuma sun kafa dokokin hana cin zarafi, da jami'an da ke lura da layi. Wahala ta ƙarshe ita ce ta lokaci: kowane ƙarshen mako da marubuci ya yi a taro kwanaki ne da bai zauna ya yi rubutu ba, alhali mai zane yana jiran shafukan wata mai zuwa. Yawancinsu kan tsara shekararsu ne bisa wannan lissafi, su taƙaita tafiye-tafiye ga makonnin da shaguna ke sa odar sabon labari da kuma makon da littafin ke fita.